Ruwan Inabinku Ya Zama Giya a Sitonku, Mijina Ne Ke Tsare

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin shigo da kayan abinci mai ofis a Kudai da sito a Ka'akiyya, Makka.

Daga Ramatu, matar Malam Sabi'u mai kula da ɗakin sanyin sitonku, unguwar Utaibiyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk masu cin abinci a ƙarƙashinka. Ban sa sunanka ba, ban kuma sa sunan kamfanin ba, domin ba tozarta ka na fito yi ba. Ka san da kai nake. Na rubuta da Hausa ne saboda ita na iya, kuma na san kana jin ta sarai ko da yake a nan aka haife ka, bakinka ya fi sabawa da Larabci. Da ita kake yi wa ma'aikatanka barka da salla duk shekara.

Ba halina ba ne in baje maganar gidana a bainar jama'a. Sau biyar ina zuwa ofishinka tare da ƙanen mijina. Sau huɗu ana ba mu shayi a ce kana taro, mu zauna har a kira la'asar, mu tashi. A zuwa na biyar Allah ya haɗa mu a bakin ƙofa, ka ce in yi haƙuri za a duba, ka shige mota tun ban rufe baki ba. Wata biyu ke nan da wannan maganar, ban san wanda ke dubawar ba. Shi ya sa na sa wannan takarda inda 'yan uwanmu Hausawan Makka za su karanta, wataƙila a cikinsu akwai wanda kake jin nauyi.

Ga waɗanda ba su san zancen ba: wata huɗu ke nan mijina yana tsare, ana zargin sa da haɗa giya a cikin Makka da kuma shayar da ita ga masu azumi. Alƙali ya ɗage zama yana jiran takarda guda daga kamfaninku. Ita nake nema, kuma zan bi maganar daki-daki don kowa ya ga dalili.

Na ɗaya: yadda kayan suka zo.

Shekara goma sha bakwai Sabi'u yana yi muku aiki. Da dako ya fara, tun zamanin mahaifinka, Allah ya jiƙansa, har ya zama shi ke riƙe da makullin ɗakin sanyi. Shekara biyu da suka wuce ka yi tafiya zuwa wata ƙasar Turai mai tsananin sanyi, ka dawo da labarin wata 'yar ƙaramar gonar inabi a gindin duwatsu. Ka tara ma'aikata ka nuna musu hotuna a wayarka. Ranar Sabi'u ya dawo gida yana ba ni labari sai ka ce shi ya je. Wai raɓa da gajimare ne ke kwana a kan gonar, wani mutum da matarsa da 'ya'yansu ne kaɗai ke noma ta, ba sa sa takin zamani, ba sa feshin magani, da hannu suke tsinke fararen inabin. Ka gaya musu cewa asalin sana'ar gidan farar giya ce wadda ake ji da ita a can, amma ka sa suna ware maka ruwan inabin tun yana sabo, su ɗura a kwalba, domin manyan otal-otal na kusa da Harami. Ka ce halal ne tsantsa, har da takardar shaida. Ban musa wannan ba a lokacin, kuma har yau ban musa ba.

Abin da ka ƙara musu shi nake so ka tuna. Ka ce ko ɗigon maganin hana lalacewa ba a sa masa ba, shi ya sa yake da tsada, saboda haka kada ya kwana a wajen ɗakin sanyi ko sau ɗaya. Ba ka gaya musu abin da zai zama idan ya kwana ba. Su ma ba su tambaya ba, sun ɗauka irin lalacewar nono ce ko ta lemo, ya yi tsami a zubar. Kai da ka je gonar, ka ga inda suke ajiye gangunansu, ka san cewa tsakanin abin da kake sayarwa da abin da suke sayarwa babu komai sai zafi da kwanaki. A duk kamfanin kai kaɗai ka san haka.

Na biyu: ɗakin sanyi.

A tsakiyar Sha'aban injin ɗakin sanyi ya mutu. Ba sai na ba ka labarin zafin da aka sha bana ba, ruwan famfo ma sai an bar shi ya huce kafin a yi alwala. Sabi'u ya gaya wa mudir, wato manajan siton, a ranar da abin ya faru. Bayan kwana uku ya sake gaya masa. Karo na uku kai ya kira da kansa, a gabana, yana tsaye a bakin taga domin nan kaɗai waya ke kamawa a ɗakinmu. Ina jin sa yana ta “to, ranka ya daɗe” har ya ajiye. Ya ce ka ce ana jiran wani ƙarfe daga Jidda.

An kwashe nama da cuku an kai wani wuri, domin su ba sa ɓoye lalacewarsu, hanci ke tona musu asiri. Aka bar ruwan inabi tunda a rufe yake cikin kwalba. Kwana ashirin da uku ya yi a ɗakin da aka gina don riƙe sanyi, wanda kuma da inji ya tsaya sai ya koma riƙe zafi. A mako na uku kwalabe suka fara fashewa da kansu cikin kwali. Wata rana Sabi'u ya dawo da yanka a ƙauri, ni na wanke na ɗaure masa, tabon yana nan har yanzu. Otal biyu da aka kai wa kayan a makon suka dawo da su, suka ce ɗanɗanon ya canja.

Na uku: al'adar sitonku.

Duk wanda ya taɓa yi muku aiki ya san ta. Gwangwanin da ya lotsa, biskit ɗin da ya kakkarye, kayan da otal ya dawo da su, ba a zubarwa, ma'aikata ake bai wa. Mahaifinka ne ya kafa wannan, kuma mun ci albarkacinta shekara da shekaru, ba zan yi butulci ba. Ba a taɓa rubuta takarda a kai ba, da baki ake cewa ku ɗauka. Ranar goma ga azumi da hantsi, mudir ya tsaya a ƙofar ɗakin sanyi, gaban mutum huɗu, ya nuna kwalayen ruwan inabin ya ce:

“Ku kwashe, ya fi a zubar.”

Sabi'u ya ɗauki kwali shida. Sauran ukun ma kowa ya ɗauki nasa. Ba zan ambaci sunayensu ba. Iƙamarsu, wato izinin zamansu a ƙasar nan, a hannun kamfaninku take, suna da 'ya'ya, kuma na ga yadda suke sauya hanya idan suka hango ni. Ban riƙe su a zuciya ba, da ni ce a matsayinsu ban san abin da zan yi ba.

Na huɗu: nawa laifin.

Ba zan ɗora maka komai in ɓoye hannuna ba. A ɗan masallacin layinmu, duk azumi ana shimfiɗa sufra a ƙofa, doguwar ledar da ake jera abincin buɗa-baki a kai. Masu shara, 'yan dako, direbobi, tsofaffin da ba su da kowa, nan suke shan ruwa. Gidaje ne ke karɓa-karɓa, kowane gida da ranarsa ta kawo abin sha. Ranar goma tamu ce. Zoɓo na saba yi, har na jiƙa shi tun safe.

Bayan azahar sai ga Sabi'u da kwalaye, yana haki yana murna. Ya ce in ajiye zoɓona, yau talakawan Utaibiyya za su ɗanɗana abin da masu kuɗi ke sha a saman bene suna kallon Ka'aba. Har na zolaye shi na ce ashe yau ladanka na 'yan gayu ne. Na murɗa murfin kwalbar farko ta yi huci, kumfa ya taso. Na shinshina na ji tsami-tsami, irin na kunun zaƙin da ya kwana. Ina azumi, shi ma yana azumi, 'ya'yanmu mata biyu duk suna azumi, babu mai ɗanɗanawa. Duk macen da ta taɓa girki a watan azumi ta san da hanci da ido ake aiki. Mu kuma a gidanmu ba a zubar da abin sha don ya ɗan yi tsami, gyara shi ake yi. Haka na ga uwata tana yi, haka na yi. Na juye kwali uku a babbar kula, na zuba sukari, na daka citta na tace a ciki, na fasa ƙanƙara na zuba.

Za a ce ai Sabi'u ya san gidan giya ne suka yi shi, me ya hana ya yi zargi? Ranka ya daɗe, mu a saninmu giya dafa ta ake yi. Tun muna yara a Katsina muke jin cewa sai an jiƙa dawa, an hura wuta, an girka manyan tukwane a can bayan gari. Ko a mafarki ba mu taɓa jin cewa abu yana cikin kwalba a rufe, da tambarin halal a jikinsa, ya tashi ya zama giya shi kaɗai ba. Ni da shi ba mu san ƙanshinta ba, ba mu san ɗanɗanonta ba. Rashin sanin nan da muka daɗe muna gode wa Allah a kansa, ta nan abin ya shigo mana.

Na rage jug guda a gida. Da aka kira salla na ci dabino, na sha kofi ɗaya, na ba 'ya'yana. Ya ɗan ciji harshe, ga ɗaci daga baya, har na ce musu ashe abin masu kuɗin ma ba wani daɗi gare shi ba. Muka yi dariya. Ina salla na ji kaina ya yi nauyi, na ɗauka gajiyar azumi ce. Da hannuna na shayar da 'ya'yana giya a watan Ramadan, a garin Makka. Malamai sun ce mini babu zunubi a kan wanda bai sani ba, na kuma yarda da su.

Na biyar: abin da ya faru a masallaci.

Ban gani da idona ba, Sabi'u da maƙwabta suka gaya mini. Mutane sun wuni cikin wannan rana, ciki babu komai, ga abu mai sanyi da zaƙi. Wasu kofi biyu suka sha, wasu uku. Aka tayar da salla. A raka'a ta biyu Baba Ilu, wani tsoho mai gyaran takalma a bakin layinmu wanda ya haura saba'in, ya ɗago daga ruku'u jiri ya kwashe shi ya faɗi, ƙugunsa ya karye. Wani ya fita daga sahu ya yi amai. Bayan sallama wani baƙon direban babbar mota, wanda ya yi zama a ƙasashen waje, ya ɗaga kofi ya shinshina, ya ɗaga murya ya ce wannan giya ce. Wuri ya kaure, aka kira 'yan sanda.

Sabi'u bai gudu ba, ko tunanin gudu bai yi ba. Rantsuwa yake ta yi cewa ruwan inabi ne na kamfaninsu, su zo gida su ga kwalaben da idonsu. Shi ya shige gaba ya kawo su har ƙofa, yana ganin da zarar sun karanta tambarin da ke jiki magana ta ƙare. Suka shigo suka tarar da kwali uku cike, da tarin kwalaben da na juye. Suka leƙa kicin suka ga rabin buhun sukari, da babbar robar kwaɓi, da ƙullin yis. Fanke nake soyawa ina sayar wa matan unguwa, kowa ya sani, da shi nake taimaka wa gida. Daga baya lauyan Sabi'u ya bayyana mini cewa ruwan inabi da sukari da yis da roba su ne kayan aikin masu haɗa giya a ɓoye, babu ragi babu ƙari. Ba na ganin laifin jami'an, abin da suka gani shi suka rubuta. Suka tafi da shi da jallabiyar da ya yi salla da ita.

Na shida: takardar da kamfaninku ya aika.

Nan ne zuciyata ta ƙone, kuma nan ne dalilin wannan wasiƙa. Da aka gwada kwalaben da ba a buɗe ba, an samu giya a ciki. Lauya ya ce wannan ya taimake mu, domin ya nuna ba sukarina ne ya yi ta ba. Ya ce kuma babu yadda ruwan inabi zai zama giya tsakanin azahar da magariba, ana bukatar kwanaki. Tambayar da ta rage a gaban alƙali guda ce: a ina kayan suka yi waɗannan kwanaki, a sitonku ko a ɗakina?

Aka tambayi kamfaninku. Kuka amsa a rubuce cewa tun tsakiyar Sha'aban aka ba da umarnin zubar da kayan, cewa Sabi'u ya kwashe su a lokacin ba da izini ba, kuma ɗakin sanyinku bai taɓa tsayawa ba. Lauya ya karanta mini ita sau biyu domin na ce ban ji daidai ba. Da layi uku kuka kwashe kwana ashirin da ukun nan daga Ka'akiyya kuka kawo su ɗakina. Ɗaki biyu gare mu, ranka ya daɗe, maƙwabta suna shiga suna fita kullum sayen fanke, a ina zan ɓoye kwali shida mako uku, kwalabe suna fashewa? Mutumin da ya riƙe muku makulli shekara da shekaru, ko ƙwayar dabino ba a taɓa nema aka rasa a hannunsa ba, yau a takardarku ya zama ɓarawo kuma mai giya. Da sa hannunka a ƙasa, na ga hoton takardar.

Na san abin da kake tsoro, ba yarinya ba ce ni. Idan ka yarda inji ya mutu kwana ashirin da uku, za a tambaye ka me kuma aka kai wa otal-otal a waɗannan kwanaki. Za a ci ku tara, wataƙila a rufe siton na ɗan lokaci, wasu masu saye su janye. Ban raina wannan ba, asara ce, kuma akwai bayin Allah da yawa da ke ci daga wurin. Amma ka auna ta da abin da ke jiran Sabi'u idan aka tabbatar masa da laifi: bulala, ɗauri, sannan tarhil, a sa shi a jirgi a mayar da shi gida, ba zai sake taka ƙasar nan ba. Kai in an ci ka tara, baɗi war haka ka manta. Shi kuwa shekararsa hamsin da huɗu, zai sauka a Katsina a matsayin mutumin da ya shayar da masu azumi giya a Makka, kuma da wannan sunan za a binne shi.

Bari in gaya maka yadda muke, tunda ba ka tambaya ba. Babu mai sayen fankena, na daina kwaɓawa. Matan da muka yi shekara goma muna zuwa Harami tare, yanzu in na yi sallama sai hira ta mutu. Gidanmu ya samu sabon suna a layi, ba sai na rubuta shi ba. Ranar karɓarmu ta biyu a sufra, ashirin da biyar ga azumi, liman ya aiko cikin mutunci ya ce mu huta bana. Babbar 'yata ta daina fita ko shago. Baba Ilu yana kwance har yau, likita ya ce da wuya ya sake tafiya da ƙafarsa, 'ya'yansa ba sa amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba. Shi tsohon da kansa ya sa aka kira ni, na durƙusa a bakin katifarsa ina kuka. Ya ce in daina kuka, ya san Sabi'u tun yana saurayi, kuma ko a kan kujera a ɗauke shi a kai shi gaban alƙali zai faɗi halinsa. Mutumin da ya rasa ƙugunsa ke nan. Sai dai shaidarsa ta hali ce, bai san ranar da injinku ya mutu ba.

Mahaifiyar Sabi'u tana nan da rai a gida Katsina, ta tsufa ƙwarai. Duk Juma'a yake kiran ta. Wata huɗu ke nan ina ce mata aiki ya kai shi wani gari inda waya ba ta kamawa. Ni da ban saba ƙarya ba, yanzu duk mako sai na shirya sabuwa. Makon jiya ta ce mini, in dai mutuwa ya yi in gaya mata, za ta iya ɗauka.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo. Ba kuɗi na zo nema ba, kada a aiko mini da ambulan.

Da farko, ka rubuta wa kotu gaskiya: cewa injin ɗakin sanyi ya mutu daga tsakiyar Sha'aban, cewa ruwan inabin yana cikin sitonku duk tsawon lokacin, kuma ranar goma ga azumi aka ba ma'aikata shi kamar yadda aka saba. Ba sai ka ƙirƙiro komai ba. Masu gyaran da suka zo daga Jidda suna da takardar aikinsu da ranar da suka yi shi, otal biyun nan ma sun san ranar da suka dawo da kaya. Ni ba za su ba ni ba, kai da waya ɗaya za su ba ka.

Sannan ka kira mutum ukun da ke tsaye ranar, ka ce musu da bakinka su faɗi abin da suka ji, babu abin da zai taɓa iƙamarsu. Mudir ma haka, domin na san ba da ra'ayin kansa ya yi shiru ba.

Ka kuma je ka duba Baba Ilu. Bai nema ba, ba zai taɓa nema ba. Daga Kudai zuwa Utaibiyya ba nisa.

Na ƙarshe, idan za ka ci gaba da shigo da wannan kaya, ka tara ma'aikatanka kamar yadda ka tara su ranar hotuna, ka gaya musu ƙarara abin da yake zama idan ya ji zafi. Mutanen gonar can sun yi aikinsu tsakani da Allah, sun noma abinsu a ƙasar sanyi, sun kuma gaya maka sharaɗinsa. Ba su san Ka'akiyya a watan Sha'aban ba, kai ka san ta.

Ga dalilin da ya sa ba zan iya ƙara jira ba. Ranar Talatar da ta wuce na je ziyara. Sabi'u ya rame, ciwon sukarinsa ya tashi, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga. Waɗanda suke tsare tare sun yi ta gaya masa cewa mai amsa laifi shari'arsa ba ta daɗewa, a yanke masa, ya yi abin da zai yi, a sallame shi gida, amma mai musu sai ya tsufa ana ɗage zama. Da can in ya ji irin wannan zance tsaki yake yi. Wannan karon bai kalle ni ba ya ce:

“Ramatu, na gaji. In takardar ba ta zo ranar zama ba, zan ce ni na yi.”

Na ce kada ya kuskura ya yi wa kansa ƙarya, ya tuna 'ya'yansa, ya tuna tsohuwarsa. Na haɗa shi da Allah. Lokacin ziyara ya ƙare, aka mayar da shi ciki. Shekara ashirin da shida muna tare, na san halinsa, ya riga ya yanke.

Zaman kotu ranar Litinin ta sama ne, da safe. Idan ya buɗe baki ya amsa, ko ka kawo takarda goma washegari ba za su goge abin da ya faɗa ba.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, ya jiƙan mahaifinka, ya raya maka zuriya, ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya ko da za ta ci maka dukiya. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka nemi shaidar mutum ɗaya ka rasa. Ban kai ƙararka gaban Ka'aba ba tukuna, duk da kullum ina zuwa, har yanzu shiriya nake roƙa maka.

Ranar Litinin zan tsaya a ƙofar kotu tun kafin a buɗe, ni da ƙanen mijina. Ba sai ka zo da kanka ba idan kana jin nauyin haɗa ido da Sabi'u. Ko direba ka ba ya kawo, zan gane motar.

Wassalam.

Ramatu, matar Malam Sabi'u,
Utaibiyya, Makka.